Yadda ake zaɓar rumfa da kafa ta a jikin gida, daga awo har ɗaure kwano

Na kafa rumfa ba adadi, ta kwano, ta yadi, ta roba, har da irin mai hannu ɗin nan da ake naɗewa, kuma abin da na lura shi ne yawancin mutane kaya suke fara saye kafin su tsaya su kalli rana. Sai an gama kafawa mutum ya ga ƙarfe huɗu na yamma rana ta bi ta ƙarƙashin rumfar ta shigo har kan kujera. Kuma ka riƙe wannan tun yanzu, ba rana ce ke kashe rumfa ba, iska ce da ruwan da ya kwanta a kai. Duk abin da zan faɗa a ƙasa kan waɗannan biyun yake zagayawa.

Kayan aiki

Tef na awo mai mita 5 ko sama, alli ko fensir, igiyar birkila da turaku huɗu, lebul, idan babu lebul ka samu siririn tiyo wanda ake ganin ruwa a cikinsa, injin huda bango da bakinsa na kankare da na ƙarfe, guduma, zarto, sufana, almakashin yanka kwano, shebur da diga, tsani mai ƙwari. Safar hannu dole ce, bakin kwano yana yanka kamar reza. Tabarau na kare ido shi ma. Sai mutum ɗaya da zai riƙe maka, wannan aikin ba na mutum ɗaya bane ko da kana ganin kai gwani ne.

Kayan ginin kuma, ga rumfa mai faɗin mita 3 da ta fito mita 2.5 daga bango, wadda da ita zan yi misali: dirka biyu, ko dai fayif na ƙarfe mai inci 3 ko katako inci 4 da 4, kowace tsawon mita 3, katako mai inci 2 da 6 guda biyu, ɗaya na bango ɗaya na gaba, katako mai inci 2 da 4 guda shida na azara, sirara masu inci 2 da 2 na gicciye, kwano, ƙusar kwano mai roba a kai ko sukuru mai roba, bol na bango, siminti, yashi, tsakuwa, fentin hana tsatsa, maganin gara idan katako ne, da silikon, gam ɗin nan na toshe haɗi don kar ruwa ya shiga.

1. Kalli rana kafin ka taɓa komai

Ka ɗauki yini ɗaya, ka fita da safe wajen ƙarfe 9, da tsakar rana, da kuma ƙarfe 4, kana zana inda inuwa ta tsaya da alli a ƙasa da jikin bango. Taga ko ƙofar da ke kallon gabas ko yamma ita ce mai wahala domin rana tana zuwa mata a kwance, rumfa shimfiɗaɗɗa ba ta tare ta sai dai mai gangarowa ƙasa sosai ko mai labule a gaba da gefe. A irin wannan tagar bakin rumfar ya sauko ya rufe kamar kashi biyu cikin uku na tsayin tagar. Wadda ke kallon kudu ko arewa rana daga sama take dukanta, rumfa gajera ma ta isa, ta sauko rabin taga shi ke nan. Wanda ke arewa da tsakiyar duniya bangon kudu ne ke shan rana, wanda ke kudu bangon arewa ne, waɗanda ke kusa da tsakiya kuwa rana tana sauya musu gefe a cikin shekara, don haka zanen alli na wata ɗaya ba shi ne na duk shekara ba, ka tuna yadda take yi a sauran watanni.

Aikin ba ƙarami bane idan an dace da wurin. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ce rumfar taga tana iya rage zafin da ke shiga ta gilashi har kashi 65 cikin 100 a tagar kudu, da kashi 77 a tagar yamma. Dalili kuwa a fili yake, labule na ciki yana tare rana ne bayan ta riga ta ratsa gilashi, zafin ya shiga ɗaki, ita rumfa tun a waje take tare ta.

A wannan yinin ka kuma lura ta ina iska mai ƙarfi take zuwa in hadari ya taso. Idan gidan haya ne ka tambayi mai gida kafin ka huda masa bango, idan rumfar za ta leƙa kan hanya ko filin maƙwabci ka tambayi hukumar tsara gine-gine ta inda kake, gara tambaya da a zo a ce ka cire.

2. Zaɓi irin da ta dace da wurin

Rumfar kwano, ko na ƙarfe ko na alminiyam. Ita ce mai daɗewa, tana tare rana da ruwa gaba ɗaya, ba ruwanka da ita shekara da shekaru. Illarta biyu, ƙara in ana ruwa, da kuma zafi da take saukarwa a kai idan ka yi ta ƙasa-ƙasa. Kuma tana sa ɗaki duhu, in tagar ɗakin ɗaya ce tak ka yi tunani sau biyu.

Rumfar roba mai haske, wadda ake kira folikabonet. Haske yana wucewa, ruwa ba ya wucewa. Ni dai ba na ba kowa shawarar fara tas ɗin nan a wurin zama, ƙarƙashinta kamar cikin mota da aka rufe a rana ne, ka nemi mai duhu-duhu ko mai launin madara. A saman ƙofar shiga tana da kyau ƙwarai.

Rumfar yadi a kan firam na ƙarfe, irin ta saman taga da gaban shago. A nan yadin ne komai. Akirilik da aka rina tun yana zare shi ne ya fi riƙe launi, foliyesta ya fi saurin koɗewa, tamfol mai rufin roba ba ya yoyo sam amma ba ya numfashi, zafi yana taruwa a ƙarƙashi, na auduga kuma yana da sanyi sai dai in ya jiƙe aka bar shi fumfuna ce ke cinye shi.

Mai naɗewa, ta hannu ko ta mota. Daɗinta ka buɗe lokacin da kake so ka naɗe lokacin da ba ka so. Amma ba ta da dirka, duk nauyinta da duk bugun iska a kan bol ɗin bango suke ƙarewa, shi ya sa ba kowane bango ke ɗaukarta ba. Ta inuwa ce, ba ta hadari ba.

Yadin da ake ɗamewa tsakanin sanduna, mai kusurwa uku ko huɗu kamar filafilan jirgin ruwa. Yawanci saƙar raga ce ta roba, iska tana ratsawa, wurin yana sanyi, amma ruwa ma yana ratsawa. Tana kyau a fili, wurin ajiye mota, wurin wasan yara. Mai kusurwa uku tana da kyau a ido amma inuwarta kaɗan ce, gefunanta a lanƙwashe suke ciki, za ka sha mamakin ƙanƙantar inuwar.

Akwai kuma ta gora ko ciyawa ko wadda ake barin tsiro mai yaɗo ya hau, babu wadda ta kai su sanyi, sai dai gara da wuta da sauyi akai-akai. Kada ka yi ta kusa da inda ake hura wuta.

Idan kana son inuwa da kariya daga ruwa kuma ba ka son kullum kana tunaninta, ta kwano ce. Ita zan bi daki-daki, daga baya in faɗi inda sauran suka bambanta.

3. Awo da gangare

Daga gaba ake fara lissafi, ba daga bango ba. Ƙasan katakon gaba kada ya gaza mita 2.2 daga ƙasa, don kar dogon mutum ya riƙa sunkuyawa kuma don zafin kwano ya yi nesa da kai. Sannan ka ƙara gangare, santimita 10 zuwa 15 a kowace mita. Tamu ta fito mita 2.5, kenan wajen bango ya ɗara gaba da santimita 25 zuwa 38. Ni nakan ɗauki 35 in huta. Wani zai ce ai ɗan gangare kaɗan ma ya isa, to bari in ba ka lissafi, rufin nan murabba'in mita 7.5 ne, ruwan sama milimita 20 kacal lita 150 ne a kansa, kuma kowace lita kilo ɗaya ce. Ruwan nan dole ya samu hanya da sauri.

Duba ƙofa da taga masu buɗewa waje, kar azara ta tare su. Na taɓa gama aiki tsaf sai ƙofa ta ƙi buɗewa rabi, sai da muka kwance katakon bango muka ɗaga shi, yini guda ya tafi a banza.

Ja layin katakon bango da lebul. In babu, cika tiyo da ruwa, ka tabbata babu kumfar iska a ciki, kai ka riƙe baki ɗaya abokin aikinka ya riƙe ɗaya, inda ruwan ya tsaya a ɓangarorin biyu tsayinsu ɗaya ne ko da ƙasan wurin a karkace take. Kada ka auna daga ƙasa ko daga layin bulo ka ce ya miƙe, ba kasafai suke miƙewa ba.

4. Ɗaure katakon bango

A nan ne rumfa take rayuwa ko ta mutu. Filasta ba ta riƙe komai. Ka nemi linta ko wani bim na kankare, nan bol mai buɗewa yake kamawa da kyau, mai kaurin milimita 10 ko 12, ya shiga cikin kankaren kansa aƙalla santimita 7 ko 8 ban da kaurin filasta, tazarar santimita 60 tsakani. Ƙwanƙwasa bango da guduma a hankali, inda ya yi ƙara kamar ganga bulo ne mai rami. A bulo mai rami bol mai buɗewa fasa shi yake yi ko ya riƙa juyawa a banza. Mafita biyu ce, ko ka huda bangon ya fita ta ciki ka sa dogon bol da faranti na ƙarfe da noti ta ɗaya gefen, wannan ita na fi yarda da ita, ko ka yi amfani da gam ɗin bol na musamman da ake matsawa cikin rami tare da ragarsa. Idan bangon tsoho ne yana marmashewa ko na ƙasa ne, ƙyale shi kawai, kafa wasu dirkoki biyu a jikin bangon rumfar ta tsaya da ƙafafunta huɗu.

Kafin huda, kalli inda soket da makunnin wuta suke, waya yawanci tana tafiya a miƙe sama ko gefe daga gare su, haka ma fayif ɗin ruwa in bayan bangon banɗaki ne ko kicin. Kashe wutar ɓangaren. Bayan ka huda ka hure ƙurar ramin, ramin da ke cike da ƙura bol ba ya kamawa. Kuma kar ka huda kusa da ƙarshen bango ko saman layin bulo na ƙarshe, yana tsagewa.

5. Kafa dirka

Ka ja igiya daga ƙarshen katakon bango zuwa inda dirka za ta tsaya. Don kusurwa ta fita daidai yi amfani da 3, 4, 5: auna santimita 60 a jikin bango, 80 a kan igiya, tsakanin alamun biyu ya zama 100 cif. Sannan ka auna gicciye daga kusurwa zuwa kusurwa duka biyun, a tamu kowanne zai ba ka kusan mita 3.9. In sun bambanta gyara yanzu, in ba haka ba kwano ne zai tona maka asiri, za ka ga bakinsa yana fita kamar haƙoran zarto.

Rami zurfin santimita 60 zuwa 70, faɗi 40, in ƙasar yashi ce ƙara zurfi. Zuba tsakuwa kaɗan a ƙasa. Dirkar ƙarfe a yi mata walda da ɗan guntun rodi a gicciye a gindinta don kankare ya riƙe ta, saboda iska ba danna rumfa take yi ba, ɗaga ta take yi sama kamar laima, dirkar da ba ta da abin riƙo zarewa take yi. Ta katako kuma ka shafe ta da maganin gara, in da hali ma kar ta shiga ƙasa, a dasa takalmin ƙarfe a cikin kankare a ɗaure ta a kai. Kwaɓi ɗaya siminti, biyu yashi, huɗu tsakuwa. Duba miƙewar dirka da lebul ta gefe biyu, ka tokare ta da katako, ka tudunta saman kankaren don ruwa ya gangare daga gindinta. Ba shi kwana 3 kafin ka ɗora nauyi, ka riƙa yayyafa ruwa har mako. Na san za ka ƙagu, amma haƙuri.

6. Azara da gicciye

Ɗora katakon gaba a kan dirka da bol, ba ƙusa ba. Jera azara daga bango zuwa gaba, santimita 60 tsakani, guda shida kenan a mita 3, a tsaye a kan siririn gefensu, kwantar da su rabin ƙarfinsu ya tafi. Kowace azara ka ɗaure ta da ɗan ƙarfe mai lanƙwasa ko baushin ƙarfe a duka ƙarshen biyu. Ƙusar da aka buga daga sama kawai iska tana zare ta cikin sauƙi. Sai sirara na gicciye a kansu, tazarar santimita 60 zuwa 90 gwargwadon kaurin kwanon, mai laushi a matse su. Ƙara ɗan tokari a karkace tsakanin dirka da katakon gaba, shi ke hana rumfa rawa.

Idan ƙarfe za ka yi gaba ɗaya tsarin ɗaya ne, mai walda zai haɗa, kai dai ka tabbata an kankare bakin waldar an shafa jan fentin hana tsatsa kafin kwano ya hau. Bayan ya hau babu mai komawa.

7. Ɗora kwano

Fara daga gefen da iska ba ta fitowa, ka tafi kana nufar inda take fitowa, ta haka bakin haɗin yana ba iska baya. Haɗin gefe, falle ya hau falle da tudun kwano ɗaya da rabi, in tsawon bai kai ba sai an yi ƙari to na sama ya hau na ƙasa da santimita 15 zuwa 20, amma in za ka samu fallen da ya kai tsawon gaba ɗaya ya fi. Bakin gaba ya zarce katako da kamar santimita 5 zuwa 8. Ƙusa a kan tudu ake bugawa ba a cikin kwari ba, kwari hanyar ruwa ce. Kada ka danne ta har robar ta fashe ko kwanon ya lotsa. A layin gaba da gefuna ka ƙara yawan ƙusa, daga nan iska take fara ɓamɓarowa. Taka kan layin katako kawai, kuma ranar da ake iska kar ka ɗaga falle, zai tafi da kai.

Inda kwano ya haɗu da bango, yanka siririn layi a filasta, cusa bakin wani kwano da aka lanƙwasa ya sauko ya rufe haɗin da santimita 15, ka bi da silikon. Liƙa siminti kawai a wurin ba ya daɗewa, kwano yana motsi da zafi da sanyi sai simintin ya tsage. Share ɓarɓashin ƙarfen da huda ta bari a kan rufin, shi ke fara kawo ɗigon tsatsa. In ruwan zai zuba inda ake wucewa ko kusa da gindin gini sa masa indararo.

Idan folikabonet ne, gefe ɗaya ne ke da kariya daga rana, an rubuta a jikin ledar da ke kansa, shi ke kallon sama, in ka juya shi cikin ƴan shekaru zai yi rawaya ya fara karyewa. Ramukan cikinsa su bi gangare. Yana buɗewa da zafi wajen milimita 3 a kowace mita, don haka ramin sukuru ya fi sukurun faɗi kaɗan kuma kar a matse. Toshe bakin sama da tef, na ƙasa da tef mai numfashi, in ba haka ba ƙura da gansakuka su cika shi.

8. In yadi ka zaɓa

Mai ɗamewa: ka kafa sanduna tukuna sannan ka auna ka sayi yadi, ko kuma ka bar tazarar santimita 30 zuwa 40 tsakanin kowace kusurwa da sanda don ƙarfen ɗamewa mai zare irin na bol da ake murɗawa. Jan da take yi ya wuce yadda kake zato, sandar ta zama ƙarfe mai kauri inci 4, kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a cikin ƙasa, a ɗan karkata ta baya daga yadin. Kada kusurwoyin su zama tsayi ɗaya, a mai huɗu biyu masu kallon juna a gicciye su yi sama biyu su yi ƙasa, wannan murɗawar ce ke hana ta faɗa-faɗa da tara ruwa. Ɗame ta har sai ka buga da hannu ka ji ta yi tauri. Sako-sako ita ke yagewa. In tamfol kawai gare ka, zura igiya mai kauri a cikin kalmasar gefensa ka ja da igiyar, idon ƙarfen nan na bakinsa ba ya jure ja, kuma ka ba shi gangare mai yawa.

Mai naɗewa: maƙalanta duka a layi ɗaya cif, a kankare ko da bol mai ratsa bango, kuma kusa da inda hannuwan suke. Hannuwan nan akwai sifirin mai ƙarfi a ciki, kar ka yanke ɗaurin da suka zo da shi sai ta zauna a maƙalai an ɗaure, in suka ƙwace suna iya karya hannu ko haƙori. Gangarenta wajen digiri 14, wato santimita 25 a kowace mita, in kana son yayyafi ya gangare. Yawancinsu iskar da aka gina su su jure ba ta wuce kilomita 38 a awa ba, wato lokacin da ka ga ƙananan bishiyoyi sun fara rangaji, naɗe ta. Za ka fita, naɗe ta. Za ka kwanta, naɗe ta. In ta jiƙe ka naɗe dole to da rana ta fito ka buɗe ta bushe.

9. Gwaji da kulawa

Watsa ruwa da tiyo ko bokiti daga sama wajen bango, kai kana ƙasa kana kallon haɗin bango da kowace ƙusa. Kama dirka ka girgiza, in ta yi rawa ƙara tokari. Bayan hadari na farko mai ƙarfi ka koma da sufana ka bi bol ɗin ɗaya bayan ɗaya, katako yana bushewa ya saki. Daga nan sau biyu a shekara ya isa, share ganye daga rufi da indararo, taɓa fenti inda tsatsa ta ɓullo, duba gindin dirka. Yadi kuma ruwa da sabulu mara ƙarfi da burushi mai laushi, ban da omo mai zafi da injin wanki mai feshi, suna cire rufin da ke hana shi shan ruwa. Mai ɗamewa takan saki bayan makonni biyu ko uku na farko, ka ƙara mata juyi biyu ko uku a kowace kusurwa, ka ɗan shafa man giris a zaren don kar ya cije.